Gem Ɗin Da: Inda Suka Burge da Inda Suka Gaza

Kaset ɗin farko da aka saya mana a gida ruwan ɗorawa ne, a goshinsa an jera lamba tara har guda bakwai, wai wasanni kusan miliyan goma ne a cikinsa. In ka kunna sai jerin sunaye ya fito, ka yi ta gangarawa har yatsanka ya gaji. Abin da ke ciki kuwa bai wuce 'yan wasanni ƙalilan ba: Super Mario Bros., Duck Hunt, na tankokin yaƙi da wasu 'yan ƙanana. Sauran duk maimaici ne, an canza suna, ko a fara ka daga wani mataki na gaba, ko a ƙara maka rai. Na'urar ma ba ta kamfanin Nintendo ba ce. Kwaikwayon na'urarsu Famicom ce, irin wadda aka riƙa ƙerawa a Taiwan da Sin tana shiga kasuwannin duniya, a Rasha suna ce mata Dendy, mu kuwa gem kawai muke cewa.

Ta wannan hanya da yawanmu muka san wasannin nan, bayan an daɗe da gama yayinsu a inda aka yi su. Famicom ta fito a Japan a 1983, ta shiga Amurka da sunan NES a 1985, mu sai cikin shekarun 1990 ta zama ruwan dare a unguwanninmu, daga baya Sega ta biyo. Ina son wasannin nan, har gobe ina buga su. Amma duk lokacin da tsararrakina suka ce ai gem ɗin da ya fi na yanzu ta kowace fuska, ba na bin su. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ina ganin wani ɓangare na yabon da muke yi wa wasannin, ƙuruciyarmu muke yaba wa. Akwai abin da suka iya wanda har yau ba a cika samun irinsa ba, akwai kuma abin da suka yi mana wanda ba zan so a yi wa 'ya'yana ba.

Babban abin da ke ba ni mamaki shi ne ƙuncin da aka yi aikin a cikinsa. Super Mario Bros. gaba ɗayansa, matakai 32 da kiɗansa da duk halittun da ke ciki, kilobait 40 ne. Hoto guda da kake tura wa ɗan'uwanka a WhatsApp ya fi shi nauyi. Ita kanta na'urar, ma'ajiyar da take aiki da ita kilobait 2 ce. Shi ya sa in ka lura da kyau za ka ga gajimaren da ke sama da 'yar bishiyar da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya, ɗaya fari ɗaya kore. Kamannin Mario ma daga nan suka samo asali tun a Donkey Kong na 1981. Ɗigon hoton bai isa a zana gashi da baki ba, sai Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙire shi, ya sa masa hula da gashin baki, ya kuma ba shi riga mai launi daban don a ga motsin hannunsa.

Ƙuncin nan ya tilasta musu wani abu mai daraja. Babu wurin dogon bayani, don haka dole wasan ya koyar da kai da kansa. Dubi matakin farko na Mario. An ajiye ka a gefen hagu, dama duk fili ne, ba sai an ce maka ka yi gaba ba. Ga wata 'yar halitta mai haɗe gira tana tahowa a hankali. In ka tsaya ta taɓa ka, ka mutu, amma ba ka yi asarar komai ba don yanzu ka fara. Karo na biyu sai ka yi tsalle. Tsallen zai sa kanka ya bugi akwatin da ke sama, ka ga kuɗi ya fito. Wani akwatin kuma ya fitar da laimar kwaɗi, wadda take kama da abokin gaban da ya kashe ka ɗazu, sai ka so ka guje mata. To amma an tsara ta ta gangara ta bugi bututu ta dawo kanka, ga bulo a saman kanka ya hana ka tsalle mai nisa. Dole ta same ka, sai ka ga ka ƙara girma. Cikin minti ɗaya ka san abin gudu, ka san abin nema, ba wanda ya ce maka uffan.

Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da yadda ya kasance ga yaron Tokyo ko na New York. Mu ba takardar bayani muka samu ba, kaset ɗin tsirara yake zuwa. Turancinmu na firamare ne, wasu wasannin ma da rubutun Japan suke. Duk da haka ƙanena da bai shiga makaranta ba yana wuce matakai. Wasan da yaro a Kano da yaro a Moscow za su fahimta ba tare da tafinta ba, ba ƙaramar fasaha aka zuba a cikinsa ba.

Sai kuma daɗin hannu. Madannai biyu ne, A da B, da alamar kibiya huɗu. Amma Mario yana da nauyi. In ka riƙe B yana ƙara gudu, in ka saki ba ya tsayawa cak, sai ya ɗan zame. In ka taɓa A ka saki, tsallen gajere ne, in ka danne ya yi sama. Duk wasan a kan wannan aka gina shi, kuma bayan ɗan lokaci ba ka tunanin madannan, yatsunka ne ke yanke hukunci. In ka faɗa rami ka san kai ne, ba na'ura ba. Ina ganin wannan shi ne ma'aunin da ya raba wasan da ya rayu da wanda ya mutu. Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Moscow a tsakiyar shekarun 1980, dokokinsa ba su kai a cika shafi ba, amma na NES da ya fito a 1989 an shafe shekaru ana ganin mataki na 29 shi ne iyakar ɗan Adam saboda saurinsa. Sai matasa suka gano sabuwar hanyar riƙe hannun gem, suna kaɗa yatsu a bayansa, har a Disambar 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Oklahoma ya kai mataki na 157, wasan ya daskare saboda lissafinsa ya ƙare. Shekara 34 ana haƙa rijiya ɗaya ba a taɓo ƙasanta ba.

Kiɗan ma haka. Muryoyi biyar kacal na'urar ke iya fitarwa, uku daga ciki ne ke ɗaukar karin waƙa. Koji Kondo, wanda ya tsara kiɗan Mario, ba shi da ƙungiyar makaɗa da zai fake a bayanta, dole karin ya tsaya da ƙafarsa. Yau ka yi fito da kiɗan Mario a cikin mutanen da suka haura talatin da biyar, za ka ga kawuna sun ɗago. A Sega kuwa, abin da Yuzo Koshiro ya yi a Streets of Rage 2 na 1992, har yanzu ina kunna shi ina aiki.

Wani alherin da ba mu san darajarsa ba sai yanzu: ka sa kaset, ka danna, wasa ya tashi. Ba data, ba jiran saukar da sabon gyara, ba talla tsakanin mataki da mataki, ba wanda zai tsayar da kai ya ce ka sayi lu'ulu'u kafin ka ci gaba. Ina kallon wasannin da ke wayar yarana, da yawansu an gina su ne don su gajiyar da yaro har ya zo ya roƙi ubansa kuɗi. Kaset ɗin da, da ka saya ka gama biya.

Amma abin da na fi kewa shi ne ɗakin da ake wasan. Igiyar hannun gem gajeriya ce, dole ku zauna kafaɗa da kafaɗa. A wasan tankoki, wanda asalinsa Battle City ne na kamfanin Namco daga 1985, ku biyu kuke tsaron gaggafa a ƙasan allo, tankoki ashirin na saukowa. Ba yadda za a yi ku ci sai kun yi magana: kai riƙe hagu, ni zan riƙe dama. In ka harbi abokinka ya daskare na ɗan lokaci, in hannunka ya goce ka fasa gaggafar da kanka, ranar kuwa za ka sha magana. A Contra, in ranka ya ƙare kana iya satar na abokinka, kuma a matakin hawan ruwa in ka yi saurin hayewa sama ka bar shi a ƙasa ya mutu. Mun koyi jiran juna a wurin nan. A gidan gem na unguwa dokar ita ce wanda aka ci ya miƙa hannu, masu jira suna tsaye a baya suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Sirrin wasa kuwa baki da baki yake yawo. Sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, ka samu rai talatin a Contra. Kazuhisa Hashimoto ne ya ƙirƙiri wannan a 1986 don ya sauƙaƙa wa kansa gwajin wasan Gradius, kuma ya iso lungunmu ba intanet ba mujalla, wani ya gaya wa wani.

To yanzu ga inda muke rabuwa da abokaina. Suna cewa wasannin da sun fi wahala, wahalar kuma ita ce darajarsu. Wahala iri biyu ce. Akwai wadda in ka mutu ka san me za ka gyara. Akwai kuma wadda aka dasa don a cinye maka lokaci, kuma ita ce ta fi yawa. Dalilinta kasuwanci ne. Da yawan wasannin daga na'urorin jefa kwabo aka kwaso su, inda ribar mai shago ita ce ka mutu da wuri ka sake jefa kuɗi. Da aka kawo su gida ba a sauya tsarin ba. Sannan kaset ƙarami ne, wasan da gwani zai gama cikin minti arba'in, dole a sa shi ya ɗauki yaro watanni don iyaye kada su ce an cuce su. A Amurka kuma a lokacin ana ba da hayar kaset, kamfanoni ba sa son yaro ya gama wasa a hutun ƙarshen mako ya fasa saya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi The Lion King na 1994 ya bayyana daga baya cewa da gangan aka tsananta mataki na biyu, na birai da raƙuman dawa, saboda wannan dalili. Wasan yara ne fa, yara da dama ba su taɓa ganin abin da ke bayan wannan mataki ba.

Ghosts 'n Goblins na Capcom, bugu biyu ka mutu, in ka yi ta fama ka kai ƙarshe sai a ce maka duk abin da ka yi mafarki ne, ka koma farko ka sake. Battletoads na 1991, a mataki na uku kana kan babur, bango na tahowa da saurin da ido bai isa ya gani ba, sai dai ka haddace. Wannan ba gwajin basira ba ne, hadda ce da ake biya da mutuwa ɗari. Ban ga abin alfahari a ciki ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne rashin ajiya. Super Mario Bros. 3 wasa ne mai faɗi, duniyoyi takwas, wanda in za ka bi shi mataki mataki sai ka shafe sa'o'i, kuma babu yadda za ka ajiye inda ka tsaya. Sonic na farko, na 1991, shi ma haka. Wanda ya tsara wannan yana zaune ne a ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa. Mu kuwa kana gab da bos na ƙarshe, gumi na zuba, sai a ɗauke wuta, allo ya yi baƙi, komai ya tafi. Ko an bar wutar, adaftar na yin zafin da ba ka iya riƙe ta, ko a kira salla, ko Baba ya shigo lokacin labarai ya yi. Dama can iyaye da yawa sun yarda cewa gem yana lalata talabijin. An samu mafita tun da wuri, The Legend of Zelda ya zo Amurka a 1987 da ɗan batir a cikin kaset mai riƙe ajiya, amma yana ƙara tsada, kuma kaset ɗin kwaikwayo da ke zuwa mana ba ruwansu da wannan. Wasu wasannin sai su ba ka dogon jerin haruffa ka kwafa a bayan littafin makaranta, in ka ɗauki sifili a matsayin harafin O, aikin mako ya tashi a banza.

Akwai kuma wasannin da ba a yi su don a gane su ba. A Castlevania II, akwai inda za ka je gindin wani dutse, ka riƙe jan lu'ulu'u, ka durƙusa ka jira har guguwa ta zo ta ɗauke ka. Mutanen garin da kake tambaya a cikin wasan, wasunsu ƙarya ma suke faɗa maka. Yaron Amurka yana da mujallar Nintendo Power tun 1988, yana da lambar wayar da zai buga a ba shi amsa. Mu in mun maƙale, mun maƙale ke nan.

Ita ma na'urar tana da nata gazawar. NES ba ta iya nuna abu mai motsi fiye da takwas a layi ɗaya, in suka yi yawa sai su riƙa ƙiftawa, wani lokaci harsashin da zai kashe ka shi ne ya ɓace. In allo ya cika, wasa ya koma tafiyar hawainiya. Wani abin kuma da yawancinmu ba mu sani ba a lokacin: talabijin ɗinmu na tsarin PAL ne mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, na Japan da Amurka kuwa sau 60. Yawancin wasannin ba a gyara su ba da aka kawo su ƙasashen PAL, don haka gudunsu ya ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari. Sonic da muka sani a Mega Drive ta Sega, wanda duk tallarsa gudu ne, ya fi na asali sanyi, har kiɗansa ja yake yi. Hura kaset da baki da muka mayar al'ada, cirewa da mayarwar ce ke gyara haɗuwar ƙarafan, danshin numfashin kuwa tsatsa yake jawowa, Nintendo ma ta yi gargaɗi a kai.

Sannan mu tuna cewa masu kyan kawai muke tunawa. Wasannin NES masu lasisi sun kai wajen 700, amma ka ce wa mai yabon zamanin ya lissafo waɗanda yake so, da wuya ya wuce ashirin. Sauran da yawa tarkace ne, musamman waɗanda aka yi a gurguje don cin kasuwar wani fim. Wannan cuta ta kusa kashe kasuwar gem ta Amurka gaba ɗaya a 1983. Wasan E.T. na Atari, cikin mako biyar aka haɗa shi don ya riski kasuwar Kirsimeti ta 1982, kuma kaset ɗin da suka yi kwantai, nasa da na wasu, an binne su a garin Alamogordo na jihar New Mexico, sai a 2014 aka tono su.

Labari kuwa kusan babu. An sace budurwa ko gimbiya, akta ya tafi ceto, haka yake a Mario, haka a Double Dragon, haka a Final Fight. Mu kanmu ba ma cikin duniyar wasannin, Afirka in ta fito daji ce da namun dawa. Shi ya sa ba na manta yadda gidan gem ke rikicewa a kan International Superstar Soccer Deluxe, don akwai Najeriya da Kamaru a ciki. Sunayen 'yan wasan na bogi ne saboda babu lasisi, amma koriyar rigar ta ishe mu, balle bayan zinaren ƙwallon ƙafa da Najeriya ta ci a gasar Olympics ta Atlanta a 1996. Ga kuma batun jini. Mortal Kombat ya jawo zaman sauraron bahasi a majalisar dattawan Amurka a 1993, wanda ya haifar da hukumar tantance shekarun masu wasa a 1994. Mu a nan yara 'yan shekara tara suna danna A, B, A, C, A, B, B a Sega don jinin ya fito, ba wanda ya san me suke kallo. Yanzu da na zama uba, ina ganin wannan da wani ido daban.

Abin da ke faranta min rai shi ne an samu masu ƙirƙira da suka tace abin. Shovel Knight na 2014 da Celeste na 2018 sun ɗauki zanen da da kaifin hannun da, suka zubar da muguntar. A Celeste za ka mutu sau ba adadi, amma nan take za a mayar da kai farkon allon da kake, kuma in abin ya fi ƙarfinka akwai inda za ka rage gudun wasan. Wannan ya tabbatar min cewa ba azabar ce ta sa muke son na da ba.

Su kuwa na asalin, suna ɓacewa. Binciken da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin. Batiran cikin kaset suna mutuwa tare da ajiyar da ke cikinsu. Bindigar Duck Hunt ba ta aiki a talabijin na bango, don dabararta ta dogara ne da yadda tsohon talabijin mai ƙeya ke baƙanta allo ya haska farin akwati a gurbin agwagwa cikin ƙiftawar ido. A ɗaya gefen kuma masu kuɗi sun mayar da kaset kadara, a 2021 an sayar da Super Mario Bros. da ba a buɗe ba a kan dala miliyan 2, abin da aka yi don yara su buga ya koma cikin gilashi.

Wanda yake son ya nuna wa yaransa, shawarata ita ce ya nemi hannun gem na gaske, don madannan kan allon waya suna kashe daɗin tsallen Mario. Ya zaɓi fitowar Japan ko Amurka mai cikakken gudu. Ya yi amfani da damar ajiya da ta mayar da wasa baya, wadda NES Classic na 2016 mai wasanni 30 ya zo da ta farkon, Nintendo Switch kuma yake da duka biyun, kada wani ya ce masa hakan ha'inci ne. Ya fara da wasan tankoki ko Streets of Rage 2, ya zauna a ƙasa ya riƙe hannu na biyu, sannan Mario na farko da na uku, sannan Tetris. Battletoads da Ghosts 'n Goblins kuwa ya bari sai yaron ya girma ya neme su da kansa.